Layin da Na Ja a Wuyan Giwar Baba

Ranar da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni ce na fi kowa ƙarancin kuka a gidan, kuma mata sun lura. Gwaggon mai gidana ta dube ni sau biyu, sannan ta karkata ga ta kusa da ita ta ce, "Wagga ɗiya zuciyatta busassa ta." Na ji ta sarai. Ba bushewar zuciya ba ce. Tsoro ne ya hana hawayen fita.

Baba uban mijina ne. Shekara goma sha huɗu na yi a gidansa a Ƙaura Namoda ban taɓa kama sunansa ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Shi ma bai taɓa kiran nawa ba, don matar ɗansa na fari ce ni. Malama yake ce mini, saboda ina koyarwa a firamare.

An yi jama'a ranar nan. 'Yan kasuwar hatsi sun zo, tsofaffin ma'aikatan reluwe sun zo, mutanen ƙauyen Banga suka yi ta sauka daga babura, uku-uku a kan kowane. Muna daga cikin gida muna jin muryar wani tsohon mai gadin tashar jirgi, wanda kunnensa ya yi nauyi har bai san yana ɗaga murya ba, yana cewa, "To yanzu wa za mu kai ma ambulan?" Wata tsohuwa daga Banga ta zauna kusa da murhu tana ta faɗa wa duk wadda ta shigo cewa shekara tara Baba yana rubuta mata wasiƙa zuwa ga ɗanta soja, bai taɓa karɓar ko goro ba. Ta faɗa ta sake faɗa, har aka daina amsa mata, ba ta daina ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, Baffa ya shigo gaida mata. Baffa ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin allo ne a Zurmi. Shi ya shiga kabari ya kwantar da ɗan'uwansa, ƙasar tana nan a gwiwoyin wandonsa. Bai zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Ya je bakin ƙofar ɗakin Baba ya tsuguna, ya dafa bango, ya ce, "Ya tahi bai gaskata ni ba." Mata suka yi ta ba shi haƙuri, sun ɗauka zafin rashi ne yake sa shi sambatu. Ni kaɗai a tsakar gidan nan na san abin da yake nufi, don ni ce sanadi. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ina so a san Baba yadda yake, kuma ba zan iya faɗin haka ba sai na faɗi abin da na yi masa.

A gidan waya Baba ya yi aiki tun yana saurayi, zamanin da jakar wasiƙu take zuwa Ƙaura a jirgin ƙasa. Shi ke buɗe jaka ya rarraba. A nan ya kamu da son kan sarki, wato 'yar takardar nan mai haƙora a gefe da ake liƙa wa ambulan kafin a aika. Ba kowane iri yake tarawa ba. Masu hoton shugabanni da gine-gine ba su dame shi ba. Na dabbobi da tsuntsaye yake so. Kuma bai taɓa ɓamɓare na wani a ɓoye ba. Sai ya miƙa wa mutum wasiƙarsa ya ce, "In ka karance, ka maido man da rigar." Ambulan ɗin yake kira riga. Har ya yi ritaya, har ya tsufa, mutane ba su daina kawo masa ba. Fatake masu shiga Nijar ta Shinkafi su zo masa da mai raƙumin dawa, alhazai su zo da nasu, ɗaliban kwaleji su kawo na ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba.

Aikin yana da ƙa'idarsa, kuma ina da nawa rabo a ciki. Inna, matar Baba, ta rasu tun kafin a kawo ni, don haka ni ke da ruwan zafinsa da sharar ɗakinsa in ya fita. Ranar Asabar da hantsi sai ya yi gyaran murya daga zaure ya ce, "A ce ma Malama ruwan kan sarki." Ruwan kuwa sai mai ɗumin da ake yi wa jariri wanka. In ya fi haka zafi sai tasar ta dawo mini. Ya yanke kusurwar ambulan da almakashi, ya jiƙa, ya jira kan sarkin ya saki takarda da kansa. Bai yarda a ja ba. Sai ya ɗauka da hantsaki ya kife a kan tsohuwar jarida a inuwa, in ya bushe ya danne shi a cikin wani ƙaton littafi kwana biyu, sannan ya shiga kundi. Kundi huɗu ne. Uku na namun daji: giwa, zaki, dorina, gwanki, ɓauna, gauraka, kada. Na huɗun shi ne na jikoki. A ciki akwai kan sarki na ƙasashen waje masu zanen littattafan yara, dabbobi sanye da tufafi kamar mutane: kwaɗo riƙe da laima, ɓera da tabarau, bushiya tana talla da kwando.

Baba bai san labaran da ke cikin littattafan nan ba, bai kuma damu ba. Nasa yake ƙirƙira. Kwaɗon nan mai laima, a bakin Baba, dillalin hatsi ne a kasuwar Ƙaura da ya cuci mutanen Banga a awo, shi ya sa kullum yake ɓoye fuska. Bushiya kuwa bazawara ce mai tsadar fura. Kafin yaro ya matso kusa da kundi sai ya nuna tafin hannunsa ciki da baya. Mai maiƙon ƙuliƙuli a yatsa sai dai ya tsaya daga nesa ya miƙa wuya. Ni ina daga bayan labule ina tankaɗe, ina dariya ƙasa-ƙasa don kada ya ji. In ya zo kan gauraka yakan ce, "Wanga tsuntsu bai kai girman hwarcena ba, amma ya hi ni ganin duniya." Shi iyakarsa Zariya, sai Makka sau ɗaya.

Ga irin alherinsa a kaina. Da na haifi ta fari, dangi suka taso wai aikin makaranta ya isa haka. Mai gidana ya fara lanƙwasa. Baba bai yi doguwar magana ba. Cewa ya yi, "Malama na kawo gidanga, Malama za ta zamna." Shi ke nan, ba wanda ya sake tada zancen. Wata rana kuma ya ji ina kuka da cewa 'yan ajina ba su san dorina ba, sai ga kundi na farko an miƙo mini ta ƙarƙashin labule, a naɗe cikin sabon ƙyalle. Ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa ba aron kundin nan ba. Na kai makaranta na nuna, na dawo masa da shi.

Yana da nasa halin, ba zan ɓoye ba. In ya yanke hukunci a kan mutum, ya yanke ke nan. Ba ya zagi, ba ya faɗa, sai dai ya rufe fuska, kuma rufewar tana daɗewa.

Tsakaninsa da Baffa akwai tsohuwar gardama a kan kundin nan. Duk zuwan Baffa daga Zurmi sai sun taɓa. Baffa ya ce hoton mai rai ba abin ajiyewa ba ne a gidan musulmi. Baba ya ce ya tambayi malamai tun Baffa yana koyon baƙi, sun ce masa akwai saɓani, kuma shi bai rataye a bango ba, a akwati yake rufe da su. Baffa ya ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah." Baba ya ce, "Da tsoron nai nika kallon abin da ya halitta." Daga nan sai a kawo tuwo su ci a kwano ɗaya. Mun saba da wannan har ba ma ɗaga kai.

Da aka ba mu jiha ta kanmu Baba ya yi murna, ya ce ko ba komai wasiƙa ta huta da zagayawa ta Sakkwato. Da aka zo maganar shari'a ya fi murna, har kabbara na ji ya yi a zaure yana riƙe da rediyo. Ba shari'ar ce ta tsorata ni ba. Maganganun da suka biyo bayanta ne, waɗanda ba a san bakin da ya fara su ba. A gidan suna sai ka ji an ce za a bi gida-gida a duba hotuna. A bakin famfo a ce an yi wa wani tsoho bulala a wani gari saboda kalanda. Wane gari? Ba wadda ta sani, amma kowa ta ji daga wadda ta ji. Mai askin bakin titinmu ya shafe kawunan da ke jikin allonsa da fenti. Wata maƙwabciya ta ƙone hotunan bikinta a murhu tana kuka. Duk sallamar baƙuwar murya a ƙofar gida sai in tuna akwatin Baba, in ga kamar ana jan dattijon nan zuwa gaban jama'a.

A cikin wannan hali autana ya kwanta. Watansa goma. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ya daina kama nono, idonsa ya faɗa. An kai shi asibiti, an yi allura, an ba mu magani, kwana huɗu babu sauƙi. Baba ba ya gari, ya tafi Shinkafi duba ƙanwarsu. Baffa kuwa ya zo Ƙaura sayen littattafai, ya sauka a ɗakin Baba kamar yadda ya saba, ya kwana biyu ya koma.

Ranar da Baffa ya tafi, wata dattijuwar unguwarmu ta shigo duba yaron. Ta taɓa goshinsa, sannan ta rage murya ta ce, "Malama, ke da karatunki. Mala'ikun rahama ba su shiga gida mai hotuna. Wa bai san abin da ke cikin akwatin surukinki ba?" Na ce to ya zan yi, kayan Baba ne. Ta ce, "Ba ƙonewa za ki yi ba. Layi za ki ja ma kowace dabba a wuya. In anka raba kai da jiki ta tashi daga mai rai, ta koma kamar icce. Haka anka yi ma littattahan jikokina."

Ba zan ɗora mata laifi ba. Abin da ta ji ta faɗa, kuma da nufin alheri ta faɗa. Ni ce mai hannun.

Bayan azahar gida ya yi tsit. Na san inda mabuɗin yake, a ƙusa bayan agogon bango, don na sha goge wurin. Na ɗauki biro daga jakar makaranta. Jan biro na fara ɗauka, wanda nake gyaran aikin yara da shi, sai na mayar na ɗauki baƙi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Tun ban ja layi ko ɗaya ba na riga na shirya ɓoyewa.

Da giwa na fara, don ita ce a shafin farko. Biron ya ƙi kamawa a kan takarda mai santsi, sai da na danna. Daga nan hannuna ya saba. Zaki, ɓauna, gwanki, gauraka mai dogon wuya da ba ta ba ni wahala ba. Ina ja ina bisimilla, ina jin numfashin yarona daga ɗakina, ina sauraron ƙofar gida. Da na zo kan kifi na rasa inda wuyansa yake, na ja a bayan ido. Bushiyar nan mai kwando ita ma ba ta da wuya, na raba ta biyu kawai. Kwaɗo mai laima yana murmushinsa na bi ta maƙogwaronsa. Kafin kiran la'asar na gama kundi huɗu. Abin da Baba ya tara tun kafin a haife ni, na bi ta kansa tsakanin salla da salla. Na mayar da komai yadda na same shi, na wanke tawadar da ta taɓa mini yatsa.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓin ya sauka. Ko maganin asibiti ne ya kama, ko wa'adin ciwon ne ya cika, Allah ne masani. Lokacin dai na ce a raina na yi daidai. Wannan tunani bai wuce Asabar ba.

Baba ya dawo ranar Juma'a da sabon ambulan a aljihu. Washegari da safe ya ce a kawo ruwan kan sarki, jikoki suka taru suna nuna hannu. Ina bayan labule na ji ƙarar buɗe akwati, na ji an buɗe shafi. Aka buɗe wani shafin, aka buɗe wani, da sauri, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya yi wani sauti, ba kuka ba, ba magana ba, irin na wanda aka taka wa ciwo. Ya ce da yaran, "Ku tahi wajen uwayenku." Ruwan ya huce a tasa, da yamma na je na ɗauke.

Bai tambayi kowa ba. Da ya tara mu ya tambaya, wataƙila da na fashe da kuka na faɗa. Amma a wurinsa babu abin tambaya. Mutum ɗaya ne ya shekara talatin yana cewa a kawar da hotunan nan, kuma mutumin ya kwana biyu shi kaɗai a ɗakin. Ni kuwa, wadda ya ba aron kundi, ko a mafarki ba zai kawo ni ba.

Bayan sati uku Baffa ya zo. Ina jin su ta katangar zaure.

"Da ka ƙone su da ya hi man sauƙi," in ji Baba. "Ka zamna ɗakina, bisa buzuna, ka bi su ɗai-ɗai."

"Mi kake hwaɗi, Yaya?"

Na ji an ajiye kundi a ƙasa. Baffa ya yi salati. Ya ce, "Na hwaɗa maka gaskiya a gabanka shekara da shekaru. Mi za ya sa in bi ta bayanka? Wallahi ban taɓa akwatinka ba. Wallahi, Yaya."

"Ban ce ka rantse ba."

"Na rantse da Allah kana ce man haka?"

Ina tsaye da ludayi a hannu, tsakanina da su taku biyar. Ban shiga ba. Na ji Baffa ya ja takalmansa. Ranar ba a ci tuwo a kwano ɗaya ba, ba a kuma sake ci ba.

Shekara uku aka yi a haka. Ba su yi gaba irin ta ƙin sallama ba, dukansu sun san hukuncin wannan. Suna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, su yi musabaha da yatsu, kowa ya kama gabansa. Baffa in ya zo Ƙaura sai ya sauka gidan wani almajirinsa na da. Da salla yaran Zurmi suka daina zuwa. Mai gidana ya yi ta kai da kawowa har ya gaji. Binciken gida-gidan da ake ta faɗa kuwa, ba wanda ya taɓa zuwa. Ko sau ɗaya ba a ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Mai askin ma ya sake zana kawunansa.

Baba ya daina cewa a kawo ruwan kan sarki. Masu kawo ambulan ba su daina ba, sai ya karɓa ya yi godiya ya tura ƙarƙashin katifa. Jikoki suka roƙe shi labarin kwaɗo, ya ce kwaɗo ya yi tafiya. Ni kuwa bai canza mini ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi duka zafi. In ya dawo kasuwa sai ya aiko mini da rake. In na gaishe shi daga bakin ƙofa ya ce, "Malama, Allah shi yi miki albarka." Kowace albarka sai in ji kamar na sace ta.

Na yi niyyar faɗa, Allah ya sani. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarsa in durƙusa. Amma suruka ba ta fara doguwar magana da uban mijinta, bakina bai san hanyar ba. Ga tsoron rufewar fuskar nan tasa, na ga yadda ta yi wa ɗan'uwansa na jini, ina ga ni. Ga tsoron mai gidana, ga tsoron a ce in koma Badarawa gidan ubana da yara huɗu. Duk ukun sai in buɗe baki in ji na ce, "Baba, a kawo ruwa?" In liman ya yi wa'azi a kan mai raba zumunta, sai in ji kamar da ni yake. Na rame har mata suna tambaya ko ciki ne.

Cikin damina ta bana Baba ya faɗi yana alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce a mai da shi gida. Na ga abin da nake ta ɗagawa ya zo ya tsaya a gabana: mutumin nan zai tafi yana riƙe da ɗan'uwansa a zuci a kan abin da bai yi ba, kuma gobe kiyama ni za a tambaya.

Rana ta shida da safe na kai masa kunu. Mai gidana ya fita sayen magani. Karo na farko a rayuwata na wuce bakin ƙofa Baba yana ciki, na durƙusa dab da gadonsa. Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Baba, ba Baffa ba ne. Ni ce. Ni na ja layin nan, duka, da hannuna." Na faɗa masa ciwon yaro, da maganar dattijuwa, da mabuɗi, har da biron da na canza. Da na gama na ɗago. Idonsa a kaina yake, a buɗe tar. Leɓensa na hagu yana motsi, sauti yana fita, ba kalma. Hawaye ya bi gefen fuskarsa ya shiga kunne. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi ta nuna ƙofa.

Har yau ban san ko cewa yake in fita masa daga ɗaki ba, ko cewa yake a kira ɗan'uwansa. Na zaɓi na biyun don shi nake iya ɗauka. Na ce da mai gidana Baba yana neman Baffa, aka tura mai babur Zurmi. Bayan la'asar ya iso. Ya zauna a bakin gado yana tofa addu'a. Baba ya kama hannunsa ya riƙe, ya ja shi zuwa ƙirjinsa, yana ta wannan sautin. Baffa ya yi ta cewa, "Na'am, Yaya, sannu," bai gane komai ba. Ni da zan fassara ina tsaye a waje, tsoron ya sake kama ni. Kafin hantsin washegari Baba ya cika.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka ragu, na aika a ce wa Baffa ina son magana da shi. Na ce mai gidana ma ya zo, da gwaggo. Na gaji da faɗa wa mutum ɗaya a ɓoye. Suka zauna a rumfar tsakar gida, na ɗauko kundi na farko na ajiye a gabansu, na durƙusa na maimaita abin da na faɗa wa Baba. Gwaggo ta dafe ƙirji. Mai gidana ya tashi tsaye, Baffa ya ɗaga masa hannu, ya koma ya zauna.

Na jira zagi, na jira Allah ya isa. Da Baffa ya buɗe baki ba ta kaina ya bi ba.

"Kin hwaɗa mai?"

"Na faɗa masa, Baffa. Da safen ranar da aka aika maka."

"Ya ji? Kin tabbata ya ji?"

"Ya ji. Idonsa biyu, yana kallona."

Ya ɗaga hannunsa na dama ya dube shi, ya juya shi. Ya ce a hankali, "Ashe abin da yaka ce man ke nan." Sai ya rufe fuska da babbar rigarsa, kafaɗunsa suna girgiza, dattijo mai furfura yana kuka a gaban mata. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

Da ya natsu ya share fuska ya dube ni. Ya ce, "Shekara ukku kinka ci muna, ɗiyata. Ba su dawowa. Nawa na yahe miki, duniya da lahira. Nashi ba ya hannuna."

Nasa ba ya hannun kowa yanzu. Mai gidana ya yi sati biyu bai yi mini magana ba, sannan ya fara amsa gaisuwa. Baffa ya tafi da kundi na huɗu Zurmi, shi da ya shekara talatin yana faɗa a kansu, ya ce ba kallo zai yi ba, ajiyewa zai yi. Ni kuwa kullum bayan salla ina roƙa wa Baba gafara da rahama, Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Duk wanda ya karanta wannan, in ya yi masa addu'a, ya taimaka ya ƙara da ni, don har yanzu ban san abin da hannun nan yake nufi da ƙofa ba, kuma sai mun haɗu zan ji.